Gabas Ɗinta Yamma Ce

Shekara goma sha tara ina naɗe akwatuna da leda
a bakin ƙofar masu tashi, filin jirgin Ikeja.
Na naɗe garin rogo, na naɗe busasshen kifi,
na taɓa naɗe turmin wata tsohuwa 'yar Ijabu,
amma ƙafata ba ta san matakalar jirgi ba.
Duk da haka tambaye ni nisa,
in kawo maka shi kamar karatun sallah.
A bakin matafiya na tsinta, guntu-guntu,
yadda kaza ke tsintar tsaba a gindin turmi.

Ranar Talata Barira ta turo nata akwatin gabana.
'Yata ta biyu,
wadda ta farke rediyona tana 'yar shekara tara
ta mayar da shi, ya fi da magana.
Ta ce Guangzhou. Ni gwanjo na ji.
Ta yi dariya har jami'in kwastan ya waigo.

Kilomita dubu goma sha ɗaya da ɗoriya, Baba.
Awa biyar da wani abu zuwa Adis Ababa,
a sauka, a jira,
sannan awa goma da 'yan kai a cikin duhu.
Na ce na sani.
Na daɗe da sani, lissafi ne kawai
kafin a sa jinina a ciki.

Zagaye biyar nake wa kayan kowa.
Nata na yi sha ɗaya,
har Tanimu abokin aikina ya dafa kafaɗata:
Malam Sallau, ledar ta kamfani ce.
Yajin daddawar uwarta na ciki, cikin gwangwanin madara,
da silifas ɗin da ta ce ba ta so.

Jirginta ya ɗaga, ruwa ya sauko.
Na shiga danfo, gwiwata a bayan wani, gwiwar wani a bayana.
A Maryland muka tsaya cik.
Kwandasta na zagin mai tirela, mai tirela na zagin sama.
Na duba agogo:
yanzu ta bar Kamaru a baya,
ni ban ga Ojota ba.
Mai gala ya wuce mu sau uku da ƙafa.
Awa huɗu kafin in ga ƙofata a Ikorodu,
tafiyar da ba ta kai tsawon layin tafin hannu a taswira ba.
Ina cire takalmi, ita tana shirin sauka ƙasar Habasha.

To wane ne ya yi nisa?
Na kwana ina juya wannan, fanka na juya zafi.

Sai jibi da dare waya ta yi ƙara,
ƙarfe goma, ina shirin kwanciya.
Baba, nan asuba ta yi.
Awa bakwai ta riga ni shiga gobe,
yarinyar da sai an yayyafa mata ruwa take tashi.
Ta ce leda ta ba ta wahala, sai da ta ari wuƙa.
Ta ce yajin bai zube ba.
Ta yi shiru, sannan:
Baba, ka san nan in za a yi sallah
yamma ake kallo?

Na ajiye wayar, na shimfiɗa darduma,
ban ma tuna ko na yi shafa'i da wutiri ba.
Na fuskanci gabas kamar kullum,
ta bayan bangon maƙwabci, da tankin ruwa, da hayaƙin janareta.
Can ƙarshen kilomita dubu goma sha ɗaya da ɗoriya
ita ma ta tsaya, ta juyo.

Gobe da safe akwai jirgin Adis.
Zagaye biyar-biyar zan yi wa kowa.
Wataƙila shida.